Abin da tsofaffin maharba suka koya mini game da naman dajin da ya fi wuyar harbi da baka

Lokacin da nake karatun kula da muhalli a jami'ar Maradi, aikin binciken da aka ba ni shi ne tattara sanin tsofaffin maharba game da namun daji, tun daga ƙauyukan da ke bakin dajin Baban Rafi a yankin Madarunfa har zuwa arewacin Dakoro. Tambayar da na fi maimaitawa ita ce, wace dabba ce ta fi ba mai kwari da baka wahala. Mutanen gari, idan aka yi musu wannan tambaya, ɓauna ko damisa suke ambata, domin haɗari suke aunawa. Maharba kuwa tazara suke aunawa, shi ya sa mafi yawansu suka sa barewa a gaba.

Dalilin yana cikin makamin kansa. Bakan gargajiya, wanda ake yi da ice mai lanƙwasa kamar dargaza a ɗaura masa tsarkiyar fata, ba ya kai kibiya inda ake so idan tazarar ta wuce taku 20 zuwa 30. Saboda haka aikin maharbi kusan dukansa yana ƙarewa kafin ya ja tsarkiya, wato sanɗa da ja da ciki da karanta iska, har ya shiga cikin wannan ƴar tazara ba tare da dabbar ta farga ba. Barewa kuwa a fili take kiwo, inda ba sabara ko geza da mutum zai laɓe, tana da ido da kunne da hanci, kuma ba ta cika kiwo ita kaɗai ba, idan ɗaya ta sunkuyar da kai wata tana kallo. Abin da ya ƙara mata wuya shi ne, barewar arewa tana samun yawancin ruwan da take bukata daga ganye da raɓa, don haka kwanto a bakin tafki, wanda shi ne babbar dabarar mai baka da rani, ba ya yi mata komai.

Ko an kusance ta ma, da sauran aiki. Dattawan sun sha gaya mini cewa barewa tana jin kukan tsarkiya ta kauce kafin kibiya ta iso, kuma lissafin da muka koya a aji ya gaskata su. Ƙara tana tafiyar kimanin mita 340 a cikin sakan ɗaya, kibiyar irin wannan baka kuwa da ƙyar take wuce mita 50. A tazarar mita 25, ƙarar tana isa kunnen dabbar cikin abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na sakan ba, alhali kibiyar tana bukatar kusan rabin sakan, kuma wannan ɗan tsakani ya ishi dabba mai nauyin kilo 20 ta durƙusa ta zabura. Wannan ne ya sa gwanaye ba sa sakin kibiya a kan barewar da ta ɗaga kai tana saurare, sai su jira ta koma ga kiwo, wasu kuma su saita ƙasa kaɗan da inda suke nufi. A nan ne kuma na gane amfanin burtu, kan tsuntsun nan da maharbi ke ɗaurawa a goshi ya riƙa rarrafe yana kaɗa shi kamar mai tsattsagar ƙwari, domin namun daji sun saba ganin burtu yana yawo a tsakaninsu, ba sa gudunsa.

Gwanki wuyarsa dabam ce, kuma ba a banza ake yi masa kirari da gwanki sha bara ba. Nauyinsa yakan haura kilo 250, fatarsa tana da kauri, ƙaramar kibiyar kyauro ba ta kayar da shi da ƙarfinta, sai da taimakon dafi. Dafin da aka fi sani ana dafa shi ne da ƴaƴan kwankwani, yana kama zuciya, amma yana bukatar lokaci, kuma gwargwadon girman dabba gwargwadon nisan da za ta yi kafin ta faɗi. Daga nan sai bin sawu, a duba ɗigon jini a kan ciyawa, a lura da inda takun ya fara ja, kuma maharbi musulmi yana gaggawa domin ya cim ma dabbar da ranta ya yanka ta, sannan ya yanke naman da ke kewaye da raunin ya jefar. Haɗarin yana ƙarshen sawun, domin gwankin da ya ji rauni yakan gurfana a kan gwiwoyinsa ya riƙa sara da ƙahonin nan masu lanƙwasa baya, kuma karnuka da yawa sun halaka a haka. Sai dai gwanki ba ya jure ƙishirwa, dole ya zo ruwa, kuma wannan ne ya sa, a ganina, yake bayan barewa duk da girmansa.

Gadu shi ne wanda ya fi raba kan dattawan. Idonsa ba shi da ƙarfi, idan iska tana kaɗawa daga wajensa zuwa wajenka za ka iya kusantarsa sosai, amma da zarar kibiya ta same shi sai ya nufi ramin dabgi ya shiga da baya, haurensa na fuskantar ƙofa, kuma ba mai hankalin da zai zura hannu. Tun da yake musulmi ba sa cin namansa, akasari saboda ɓarnar gona ake binsa, shi ya sa wasu ba sa ma lissafa shi cikin farauta. Jimina kuwa kowa ya yarda cewa tsawonta da ya wuce mita 2 da kaifin idonta sun sa kusantarta a ƙafa sai wanda ya ƙware ƙwarai, amma waɗanda na zanta da su labarinta suka gada daga iyaye, ba su harbe ta da hannunsu ba.

Wannan magana ta jimina ta shafi yawancin abin da na rubuta a littafin bincikena, domin noma da saran itace da bindiga sun riga sun kore manyan namun daji daga kwarin Gulbin Maradi. Akwai sauran barewa a gandun Gadabeji da ke arewacin Dakoro, wanda aka keɓe tun 1955, aka kuma mayar da raƙuman dawa cikinsa daga yankin Kure da ke kusa da Yamai a 2018, kuma farauta haramun ce a ciki. A sauran ƙasar Nijar ma dokar 1998 ce ke tsara farauta, da lokacinta da izininta da dabbobin da ba a taɓawa. Abin da ya saura wa mai baka a yau bai wuce zomo da gada da zabon daji ba, kuma wani sarkin baka da na gaida da ranka ya daɗe ya nuna mini cewa zabon ma ba abin rainawa ba ne, domin garke ne mai idanu da yawa, guda ɗaya ta yi kuka duka sun watse, ga jikin ƙarami a cikin tarin gashi, sau da yawa kibiya takan ratsa gashin ta wuce ba ta taɓa tsoka ba. Da shi yake gwada yaran da ke son koyon harbi kafin ya yarda su rataya kwari su bi shi daji.