Taswirar da ba ta san awon igiya ba

Jiya na miƙa makulli da kwamfutar ofis, bayan shekara bakwai ina zana taswirar rigakafi. An ce in bar wa masu gadona 'yan kalmomi. To, ga su.

Manyanmu sun sha ba mu labarin zamanin da sai da dala ake samun hoton tauraron ɗan adam, kafin Amurka ta saki hotunan Landsat kyauta a 2008. Mu a sama muka tsinci abin: ga hotunan Sentinel-2 na Turai, ga taswirar intanet ta OpenStreetMap da kowa ke iya gyarawa, ga manhajar zana taswira ta QGIS ba ko sisi. Da su aka rage dogaro da zanen biro da 'yan rigakafi ke yi a bayan takarda, ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484 na jihar Kano suka shige kwamfuta ɗaya. Da aka ce Najeriya ta rabu da ainihin ƙwayar shan inna a 2020, na san da ɗan gumina a ciki, ko da ba wanda ya kira sunana.

Amma fa kyauta ba ta hana mutum cin ƙasa. Wani zagayen rigakafi aka ba ni wani yanki a gefen Kumbotso. Hoton da na ɗora gona ya nuna, sai 'yan bishiyoyin darbejiya. Ban duba ranar da aka ɗauke shi ba. Duk da haka raina bai kwanta ba, na nemi kuɗin mai in leƙa da babur. Oga ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, "Malam, me za ka je nema? Ba ga shi nan a allo ba?" Na ce to, ranka ya daɗe.

Ashe tuni an yanka gonar awon igiya, an gine ta, har da masallaci da teburin mai shayi. Kwana huɗu ana zagaye, ba tawagar da ta taka wurin. Mai unguwa da kansa ya zo ofis, dattijo ne mai farin gemu, aka nuna masa ni. Bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Ɗana, mu ba mutane ba ne?" Da marina ya yi da ya fi mini sauƙi.

A taron bita, gaban baƙi daga Abuja, oga ya ce sakacin ɗan taswira ne. Zancen mai bai taso ba. Na karɓi takardar gargaɗi na sa a aljihu. Rashin duba kwanan wata laifina ne, ban musa ba. Ragowar kuwa, na bar shi da Allah.

Sauran a taƙaice. A lungunan cikin birni rufin kwano haɗe yake, hoto ba ya ganin hanya, yaran unguwa za ka tambaya. Unguwar Fulani ba ɗaya ba ce, kada suna ya ruɗe ka. In za ka nemi kuɗin mai, nema a rubuce, ka ajiye kwafi.

Asabar ɗin da ta biyo bayan taron bitar na zuba mai da kuɗina, na bi unguwar nan ta gefen Kumbotso layi-layi da wayata, ɗan mai unguwa yana gaya mini sunayen layukan. Da dare na sa ta a OpenStreetMap. Taswirar da oga ke haskawa baƙi a bango yanzu, unguwar tana ciki, kuma bai taɓa tambayar wanda ya sa ta ba.