Yau na taka Baro

Asabar. Muna idar da sallar asuba muka bar Agaie, amma sai da hantsi ya dubi ludayi muka shiga Baro, don hanyar duk ramuka ce. Ƙaramin gari ne na Nufawa a jihar Neja, dutse a bayansa, kogin Kwara shimfiɗe a gabansa. Kwale-kwale jere a bakin ruwa, mata na ƙyafe kifi, hayaƙi har cikin idona.

Tun ina yaro kakana kan ce arzikin gyaɗar Kano daga Baro ya taso. Yau na gane abin da yake nufi. Daga nan aka fara shimfiɗa dogo a 1907, zamanin Gwamna Percy Girouard, ɗan Kanada, wanda ya taɓa irin wannan aiki a Sudan. Dalilin zaɓen wurin kuwa ruwa ne: in kogi ya cika, jiragen ruwa na iya hauro da ƙarafa da taragu daga teku har nan. A 1911 dogo ya isa Kano. Turawa auduga suka sa wa rai, manoma suka cika musu taragu da gyaɗa.

Sai dai ranar Baro ba ta daɗe ba. A 1912 layin Legas ya haɗu da nata a Minna, a 1916 kuma aka gama gadar jirgin ƙasa ta Jebba a kan kogin Kwara. Kaya suka riƙa wucewa Legas kai tsaye, Baro ta koma gefe.

Wani dattijo ya raka ni tsohuwar tasha. Ciyawa ta haɗiye dogon, sai ka sa ƙafa ka share kafin ka ga ƙarfe. Na tsuguna na dafa shi, ya yi tsatsa, rana ta gasa shi. Na tuna leburorin da suka haƙa ƙasar nan da diga, suka kwashe ta a kwando a ka, ba wanda ya rubuta sunayensu. Wallahi sai da idona ya kawo ruwa.

Dattijon ya ce, “Ɗana, da can in jirgi ya yi kuka, har kaji sun san za a yi ciniki.”

Na ce, “Baba, yanzu fa?”

Bai amsa ba, ya nuna mini kogi. Kafin la'asar na sayi busasshen kifi ƙulli biyu, ɗaya na Inna, muka kama hanya kada dare ya riske mu.