Na Goro Ba Albashi Ba Ne

Shekarar da malaman makarantarmu suka zaɓe ni wakilin ƙungiyar malamai ta ƙasa, wato NUT, na ɗauka na san aikin ciki da bai. Bin sawun ƙarin girman da ya maƙale, tambayar kuɗin hutu, kai kukan wanda aka zaftare wa albashi, sai kuma zaman taro ana ta kiran juna Kwamared. Ban taɓa sa Baba Saje a lissafi ba, alhali kullum sai na wuce shi a gindin bedin da ke bayan ajujuwa, yara sun kewaye shi.

Saje ba sunansa ba ne, muƙaminsa ne na da. Tsohon ɗan badujala ne da ya yi ritaya ya dawo gida Katsina, makaranta ta neme shi ya riƙa koya wa yara ganga da begila da sarewa. Ranar yara ta 27 ga Mayu, da 1 ga Oktoba, da wasannin shekara, yaransa ne a gaba. Su ake ɗauka hoto, su manyan baƙi ke tafa wa. In an watse sai a ja shi gefe a damƙa masa ambulan, a ce, "Baba, ga na goro." Ya sa hannu biyu ya karɓa, ya yi godiya. Na ga haka ya fi a ƙirga, ko sau ɗaya abin bai taɓa tsaya mini a rai ba.

Ana saura 'yan kwanaki ranar yara ya zo bakin ɗakin malamai ya yi sallama. Bai shigo ba, dama ba ya shiga. Na fita, ya ce, "Malam, an ce kai ne mai ƙungiya." Ya gaya mini fatar babbar ganga ta yage, wannan ne karo na uku da zai gyara daga ɗan fanshonsa, kuma tun farkon zango ba a ba shi ko sisi ba. Kafin ya rufe baki hannuna ya riga ya shiga aljihu. Ya kalli hannun, ya kalle ni, ya ce, "Ɗana, ba roƙo na zo ba."

Na daɗe ina jin kunyar wannan hannu. Da malamin lissafi ne ya kawo mini wannan kuka, biro zan ciro. Amma da yake mai ganga ne, sai jikina ya yi abin da ya saba tun ina yaro ba tare da ya shawarce ni ba. A ƙasar Hausa kyauta ake yi wa makaɗi. Haka yake ga masu kakaki da algaita da tambari a fada, haka yake ga mai kalangu a gaban mahauta da mai dundufa a gaban maƙera. Kuma wannan tsari ba zalunci ba ne a inda ya tsiro, domin kyautar tana da nauyi a wuyan mai bayarwa: ubangidan da ya bar makaɗinsa cikin tsumma shi ne zai ji kunya a gari, makaɗin kuma yana da bakin da zai tona shi. Abin da muka yi a makaranta shi ne mun ɗauko ambulan ɗin mun bar nauyin a can. Makaranta ba ta jin kunya, kasafin kuɗi take ji. Baba kuma ba shi da waƙar zambo, tsohon ma'aikaci ne da ya saba da layin albashi.

Da na kai maganar wurin sakataren reshenmu, tambaya uku ya yi mini. Yana da takardar ɗaukar aiki? Sunansa yana cikin takardar albashi? Yana da NCE da rajistar TRCN? Duka ukun na ce a'a. Ya jingina da kujera ya yi mini bayanin da ya kamata a ce na sani. Daga albashi ake cire kuɗin ƙungiya, don haka wanda ba ya cikin takardar albashi babu ƙofar da zai bi ya zama mamba. NCE ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a ƙasar nan, TRCN kuma, wato hukumar rajistar malamai, wadda aka kafa da dokar 1993, ba ta san wanda ba shi da takardar koyarwa ba, ko da ya shekara talatin yana busa begila.

A hanyar komawa na yi ta jero nasarorin da muke alfahari da su ina gwada su a jikin Baba, babu wadda ta shige shi. Alawus na kashi 27.5 da aka samo bayan yajin aikin malamai na 2008, na masu albashi ne. Dokar 2022 da ta kai ritayar malami shekara 65 ta haihuwa ko 40 ta aiki, sai wanda aka ɗauka ake sallama. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024, dokar da kanta ta ware masu aikin wani ɓangare na lokaci. Abu ɗaya sakataren ya nuna mini da ya yi kama da igiya: sashe na 7 na Dokar Ƙwadago, wanda ya ce cikin wata uku da fara aiki a ba ma'aikaci rubutaccen bayanin sharuɗɗan aikinsa. Ya ce, "Fara da wannan, Kwamared. Ka samo masa takarda tukuna, sauran sa biyo baya."

Akwai wani abin dariya mai ciwo a nan. Tun 2008, da aka fara aiki da manhajar ilimin bai-ɗaya ta shekara 9, aka cusa kiɗa da zane da wasan kwaikwayo cikin darasi guda, wanda muke kira CCA. A makarantarmu malamar da ke koyar da shi zane ta karanta, kuma ta ƙware. In an zo babin kayan kiɗa sai ta zana ganga a allo, yara su kwafa su haddace sunayen sassanta. Gangar gaske tana can bayan ajujuwa tare da mutumin da ya san ta, shi kuma ba ya cikin jadawali. Ba laifin malamar ba ne. Tun da aka buɗe sashen kiɗa na farko a jami'o'in ƙasar nan a Nsukka a 1961, yawancin wuraren horar da malaman kiɗa kudu suke da tsakiyar ƙasa, mu a nan masu iyawa daban, masu takarda daban.

Da na koma ɗakin malamai da maganar, ba kowa ya yi na'am ba. Wani ya ce namu ma ba a biya ba, sai mu ɗauko na wanda ba ya zuba ko kwabo? Wannan yana da hujja, ban iya ture ta ba har yau. Wani kuma ya ce kiɗa ai ba ilimi ba ne. Shi na tuna masa cewa shugaban farko na NUT, da aka kafa ta a Legas a 1931, Rabaran Israel Ransome-Kuti ne, ɗan mai tsara waƙoƙi kuma mahaifin makaɗi. Bai sauya ra'ayi ba, amma dai ya yi shiru, a taron malamai kuwa wannan ma riba ce. Daga baya na karanta cewa a Sikotilan masu koyar da kayan kiɗa suna cikin ƙungiyar malamai ta EIS, wadda ta samo asali tun 1847, kuma sun daɗe suna faɗa da rage musu guraben aiki kafin a soke kuɗin da iyaye ke biya na darasin kiɗa a makarantun gwamnati a 2021. Ashe ko a can, in aljihu ya matse, mai kiɗa ake fara dubawa.

Abu mafi amfani da na yi a wannan shekara ba shi da wani armashi. Littafin rubutu na saya na ba wani babban ɗalibi daga cikin 'yan badujala, na ce duk ranar da Baba ya zo ya rubuta lokacin zuwa, da na tashi, da abin da aka yi. Bayan zango guda na zauna da littafin. Abin da muke kira "ɗan taimako da yamma" ya fito da kamanninsa. Kwana huɗu a mako, har da Asabar in fareti ya matso. Atisaye daga tashin makaranta zuwa la'asar, a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Katsina ke haura digiri 40. Shi ke ɗaure fata, shi ke kai begila wurin mai walda, shi ke kwashe ganguna daga sito in damina ta faɗi domin rufin yana yoyo, shi ke tsayawa har yaro na ƙarshe ya samu abin hawa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da aka taɓa ce masa ya yi, babu kuma wanda zai yi in ya bari.

Littafin ne kuma ya nuna mini kunnensa. Yaron ya rubuta a wurare da dama cewa sai an maimaita wa Baba magana. Sai na tuna yadda yake karkato da gefe ɗaya in ana zance, mu kuwa mun ɗauka tsufa ne. Masana lafiyar ma'aikata sun ce ƙarar da ta kai desibel 85, in ana daɗewa cikinta kullum, tana cin ji a hankali, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Tsakiyar ganguna da begiloli ya wuce haka. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ambaci lalacewar ji ƙarara, amma Baba ko a matsayin ma'aikaci makaranta ba ta lissafa shi ba.

A nan na tafka kuskurena na biyu. Da na ga hujja a hannu sai kaina ya yi zafi, na rubuta wasiƙa mai kaushi cewa in ba a daidaita ba, badujala ba za ta fita ranar 1 ga Oktoba ba. Allah ya sa na karanta wa Baba kafin in miƙa. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Malam, yaran nan wata biyu suna shan rana. Akwai wadda uwarta ta riga ta ɗinka mata farin siket. Kai za ka gaya mata?" Ya ƙara da abin da ban hango ba: in badujala ta ƙi fita sau ɗaya, za a ɗauko hayar lasifika a kunna kiɗan fareti daga waya, a ga ashe ana iya yi ba shi. Gaskiya ya faɗa. In malamin lissafi ya ajiye alli, jarrabawa ce ke kuka, iyaye su taso. In mai ganga ya ajiye gula, sauƙi ma wasu za su ji. Makamin da na gada daga ƙungiya an ƙera shi ne don hannun da ba irin nasa ba. Na yaga wasiƙar.

Sai muka bi ta wurin iyaye. A taron ƙungiyar iyaye da malamai ban yi dogon jawabi ba, littafin na miƙa ya zagaya. Wani dattijo, wanda jikansa ke riƙe da babbar ganga, ya juya shafukan a hankali, ya ɗago ya tambayi shugaban taro nawa ake biyan mai gadi, kuma ranar nawa ga wata. Aka faɗa masa. Ya ce, "To shi wannan bawan Allah ranar nawa ga wata?" Ba wanda ya amsa.

Abin da muka samu shafi ɗaya ne. Alawus na wata-wata da ranar biya a rubuce. Kwanakin aiki da awanninsa. Atisaye ya koma bayan la'asar a watannin zafi. Kuɗin gyaran kaya daban, ba daga aljihunsa ba, kuma a farkon zango, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba. Bai zama mamba ba, babu maganar diyyar kunne, sito kuma har yanzu yana yoyo. Mun haɗa kuɗi mun saya masa abin toshe kunne, ya karɓa ya yi godiya ya jefa a aljihu, ya ce in ya toshe ta yaya zai ji wanda ya saki layi. Yanzu dai yana shigowa ɗakin malamai ya sa hannu a rajista, ko da yake bai yarda ya zauna ba.

Kwanaki ya tare ni a bakin ƙofa da takardar, ya naɗe ta cikin leda. Ya nuna layin farko da yatsa, inda aka rubuta cikakken sunansa. Ya ce, "Ɗana, ku cire wannan. Ku sa mai koyar da badujala. Ni na kusa ajiyewa, in sunana ne a nan, wanda zai zo bayana ambulan za a koma ba shi." Na kai wa kwamiti. Sun sa shi a ajandar zama mai zuwa, a ƙarƙashin maganar rufin sito.