Farin zare a kan shuni: yadda na koyi aiki da zanen Japan

Na daɗe ina ɗinkin hannu a kan huluna da rigunan matasan kai, kuma launi ne ya fara jan hankalina zuwa ga zanen gargajiya na Japan. Na ga hoton wata tsohuwar rigar manomi wadda aka bi da farin zare a kan shuɗi mai duhu, irin shuɗin da muka saba gani a marinar Ƙofar Mata, sai na ji kamar na san ƙyallen tun ina yarinya. Su Japanawa da ganyen wata shuka daban suke rini, ba da irin babanmu ba, kuma yankin Tokushima ne ya yi suna a wannan sana'a. Ɗinkin kuwa sunansa sashiko, ya bunƙasa a zamanin Edo, tsakanin 1603 da 1868, a hannun matan manoma da masunta waɗanda suke haɗa ƙyalle biyu ko uku don tufa ta yi ƙarko kuma ta tare sanyi.

Zanen da na fara gwadawa shi ne asanoha, mai kama da tauraro mai tsini shida, wanda aka kwaikwayo daga ganyen wata shuka mai kama da rama. Na kwafe shi da alli daga hoton waya, na zauna kwana huɗu a kansa, amma da na shimfiɗa aikin sai na tarar ƙyallen ya tattare, tsakiyar kowane tauraro kuma ta zama dunƙulen zare. Kuskuren nawa ne, domin na ɗauki hoton a matsayin abin da za a bi da ido kawai, alhali zanen a kan awo yake tsaye. Sai da na ɗauko takarda da rula, na ja layukan da suke fitar da ƙananan kusurwa uku masu tsawo ɗaya, sannan na ga inda kowane ganye yake fitowa.

Daga nan ne na fahimci ƙa'idojin da hoto ba ya nunawa. Ba a gama tauraro ɗaya a koma na gaba. Layi ake bi tun daga wannan gefen ƙyalle har zuwa wancan, a gama duk masu tafiya waje ɗaya kafin a juya. Zaren da yake sama yakan ɗan fi na ƙasa tsawo, kuma a inda layuka suka haɗu ba a barin zare ya hau zare, sai a bar ɗan fili a tsakiya, wanda shi ne yake ba tauraron haske. Allurar doguwa ce, ana tara ƙyallen a kanta ninki-ninki kafin a ja, bayan an ja kuma a shafe layin da babban yatsa don zaren ya kwanta. A kowace kwana ina barin ɗan sako-sako ta baya, kuma tun da na soma yin haka ƙyalle bai sake tattarewa ba. Wani abin da na koya da tsada shi ne wanke ƙyallen shuni sau da yawa kafin a sa masa allura, domin na taɓa rasa aikin mako guda da farin zaren ya rine a wankin farko.

Ma'anar zanen ma tana da nauyi a wurina, domin wanda ya san abin da aska takwas take nufi a gaban babbar riga ba zai ɗauki zanen wasu da wasa ba. Asanoha ana sa shi a tufafin jarirai da fatan yaro ya tashi miƙe da sauri kamar shukar, don haka a zanen goyo na sa shi. Seigaiha, rabin da'irori masu hawa juna kamar igiyar teku, fatan zaman lafiya ne, kikko kuma bayan kunkuru ne, alamar tsawon rai.

Akwai waɗanda na ajiye da gangan. Furen kiku mai ganye 16 hatimin gidan sarautar Japan ne, kuma ban ga dacewar sa shi a matashin da za a jingina da shi ba. Sayagata kuwa an gina shi da alamar manji ta addinin Buddha, wadda mai saye zai iya ɗauka tambarin 'yan Nazi ne. Wata mai oda ta nace a kan sayagata saboda kyan layukansa, sai na zana mata shi a takarda na nuna mata alamar da ke ciki, ta dube ta ɗan lokaci, ta ce in yi mata seigaiha a bakin mayafin.