Agwagwar da ta ƙi tashi

Wata yarinya ce a ajin ƙarshe ta jawo mini aikin. Ta ga hoton Rafale, jirgin yaƙin Faransa, a wayar yayanta, ta ce, "Mushe, waɗannan ƴan kunnuwan da ke gefen matuƙi, mene ne amfaninsu?" Na ce ƙananan fukafukai ne, sunansu canard. Aji ya kwashe da dariya, don duk wanda ya shiga lakkwal a Damagaram ya san canard agwagwa ce. Asalin sunan ke nan kuwa. Jirgin wani matuƙi mai suna Santos-Dumont da ya tashi a Paris a 1906 dogon wuya gare shi, da ƙaramin fiffike a can gaba, Faransawa suka ce ga agwagwa.

Daɗin hira ya kwashe ni, na yi alkawarin abin da ban taɓa gwadawa ba. Muka tara karan dawa da kwali, muka kwaikwayi surar Rafale daidai yadda take a hoto. Ranar Laraba na jefa shi a filin makaranta. Ya ɗaga hanci, ya tsaya cak, ya faɗo da baya. Sau uku. Na ce iskar hunturu ce, yaran suka yi shiru, su ma sun ga ko ganye ba ya motsi.

Dare biyu ina karatu kafin in gane. Da gangan aka ƙera Rafale ba ya zama daidai a iska shi kaɗai, don ya yi saurin juyawa. Kwamfuta ce ke murɗa fukafukan nan sau da yawa cikin daƙiƙa guda, matuƙi bai ma sani ba. An kuma matso da su kusa da babban fiffike saboda ƴar guguwar da suke haifarwa ta bi ta kansa, iska ta ci gaba da manne masa ko da hanci ya yi sama sosai. Jirgin yaƙin Viggen na Suwidin ya yi wannan dabara tun 1967. Jirgin yaƙin Typhoon kuwa can bakin hanci ya kai nasa. Ni na kwafi abin da ido ke gani, na bar mai riƙon linzamin, na kuma tsaya gaban yara arba'in ina koyar da abin da a hoto kawai na san shi.

Jirgin da ba shi da kwamfuta, dole nauyinsa ya matsa gaba, ƙaramin fiffiken kuma ya fi babban ɗagowa kaɗan. Ta haka shi zai fara gajiya, hanci ya sunkuya, jirgi ya sake samun gudu tun babban bai saki ba.

Ran Litinin na faɗa musu ba iska ba ce, ni ne. Muka soka ƙusa biyu a hancin karan, muka ɗaga bakin ƴan fukafukan. Yarinyar na ba, ta jefa. Ya wuce bishiyar dalbejiya, ya sauka a kan babur ɗin darakta.