Karayar wuyan hannuna da na'urar da ɗiyata ta aiko

Da sanyin safiya ne a gidanmu na unguwar Birni a Damagaram. Na ɗauko bokitin ruwa daga bakin famfo, santsi ya kwashe ni, na dafa ƙasa da hannun dama, sai na ji ƙas. Kafin in miƙe wuyan hannun ya kumbura ya lanƙwashe. Maƙwabta suka ce a kira mai ɗori, ɗana ya ce shi dai likita za mu.

Hoton ƙashi ya nuna ƙashin gefen babban yatsa ne ya karye, dab da gaɓa. Lokotoro ya ja hannun ya daidaita, aka sa filasta na sati 6. Sai ya tambaye ni, "Hajiya, yaushe al'ada ta ɗauke miki?" Na ce shekara takwas ke nan. Ya ce to, sinadarin istirojin, wanda ke raguwa a jiki in al'ada ta ɗauke, shi ke tsare ƙashin mace, in ya ragu ƙashi yakan zaizaye ta ciki, faɗuwa kaɗan sai karaya. Wannan magana ta fi karayar tsaya mini a rai.

Ɗiyata da ke aure a Faransa ta aiko mini da wata na'ura mai batir. Ana ɗaura zobenta a kan filasta, tana aika bugun maganaɗisu cikin ƙashi don ta zaburar da ƙwayoyin da ke gina shi. Ba zafi, ba ƙara. Na kai wa lokotoro, ya ce tun 1979 Amurka ta amince da irinta, amma don ƙashin da ya ƙi haɗewa. A sabuwar karaya amfaninta bai tabbata ba. Bai hana ni ba. Na riƙa ɗaurawa bayan isha'i ina jan carbi da hagu. A ganina, kuɗinta da nono aka saya da ya fi.

Abinci kam na ba shi muhimmanci. Macen da ta haura 50 tana buƙatar kalsiyam, sinadarin gina ƙashi, kamar miligiram 1,200 a yini, kofin madara kuwa kusan 300 ne. Sai na koma fura da kindirmo mai kauri, kwaɗon zogale, miyar kuka, riɗi, wake, da ƙananan kifi busassu daga Kasuwar Dole, ina dakawa har ƙaya. Ƙwayar kalsiyam kashi biyu nake sha tare da abinci, don hanji ba ya ɗaukar fiye da miligiram 500 da kyau lokaci guda. Aka haɗa mini da bitamin D, wanda fata ke samarwa in rana ta taɓa ta. Abin mamaki, duk ranar Damagaram, mu da muke yini a ɗaki, in za mu fita mu lulluɓe, ba ta taɓa fatarmu sosai. Yanzu da hantsi nakan zauna tsakar gida in buɗe damatsa.

Kuskurena ɗaya: tsoro ya hana ni motsa yatsu cikin filasta, alhali an ce in motsa. Da aka cire, hannun ya sandare kamar itace. Wata biyu ina matsa soso cikin ruwan ɗumi ina hawaye kafin in iya riƙe ludayi. Jiya na dama wa jikokina fura da hannun dama, bakin famfon kuma an zuba masa tsakuwa.