Jan tabon da na ɓoye wa koci

Shekara biyu bayan haɗarin motar da ya taɓa min laka, rayuwata ba ta wuce ɗaki da labule a sauke ba. Likita ta ce ciwon damuwa ne, ta ɗora ni a kan magani. Abin da ya fito da ni waje kuwa ƙwallon kwando ce ta masu keken guragu.

Ranar farko na zaci za a rage mana tsayin kwandon, ashe mita 3.05 ne, daidai da na kowa. Na jefa, ƙwallo ko ƙarfen ba ta taɓa ba. Can wani ya banke kekena na kife, ko sannu bai ce ba, sai "Tashi malam, jiranka ake!" Wallahi tun da na kwanta ba a yi min magana ba tare da tausayi a ciki ba sai ranar. Da aka tantance ni aka ba ni maki 1.5, don a wasan nan gwargwadon tsananin nakasarka gwargwadon ƙarancin makinka, kuma tunda 'yan wasa biyar a fili ba sa wuce maki 14 a haɗe, irina ake nema. Ni da nake ganin kaina kaya ne a wuyan mutane, yau ga shi ana kirana a waya idan na makara.

Daɗin nan ne ya rufe min ido. Keken wasan na aro ne, matashinsa ya riga ya lotse, ni kuma ba na jin komai daga ƙugu zuwa ƙasa. An sha gaya min in riƙa ɗaga jiki kowane minti 15 zuwa 30, in riƙa duba mazaunaina da madubi safe da dare. Wani dare na ga jan tabo kamar girman kwabo, na danna da yatsa bai yi fari ba, gari ya waye yana nan. Na san abin da yake nufi sarai: farkon gyambo ne. Amma gasa saura mako uku, sai na kife madubin na yi shiru.

Ban buga gasar ba. Tabon ya fashe ya zama gyambo mai zurfi, na yi wata huɗu a kwance rub da ciki. Ga shi tuni na daina shan magani ba da sanin likita ba, don a ganina ƙwallo ta warkar da ni. Damuwar ta dawo fiye da da, na daina ɗaga wayar abokan wasa. Har yau idan na tuna da daren da na kife madubin nan raina yana ɓaci, domin kwana kaɗan na hutu da sun wadatar.

A kwancen nan ne mai gasa min jiki ta ba ni labarin Ludwig Guttmann, likitan asibitin Stoke Mandeville a Ingila, wanda gasar harbin kibiya da ya shirya wa majinyata 16 a 1948 ta zama tushen wasannin nakasassu na duniya. Kafin ya ba su baka, sai da ya sa ana juya su a gado kowane awa biyu, don gyambon kwanciya da cutar mafitsara ne ke kashe masu ciwon laka a lokacin. Ni kuma na ɗauki wasan na bar abin da aka gina shi a kai.

Na koma wa likita, na koma kan magani, na sayi matashi nawa na kaina. Ranar da na dawo fili koci bai yi min faɗa ba. Ya tara yara sababbi, ya ce in faɗa musu da bakina abin da na gani a madubi. Muryata tana rawa na faɗa, sannan ya wurgo min ƙwallo.